Takardar da Ban Yaga Ba

Salama gare ku, 'yan uwa masu bin labarina. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce in daina ja mata rai in faɗi ranar biki ta kai ɗinki. 'Yar uwa, bar yadinki a akwati tukuna. Yau laifina na zo faɗa muku da bakina, don ban so ku ji shi a bakin wani.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni ce babba a gidanmu, shekarata ashirin da biyar, ina aiki a kantin magani. Babanmu ya rasu ina da sha huɗu, daga ni sai Mama sai ƙannena biyu da ke makarantar kwana. Duk ranar Asabar ƙarfe huɗu ni ke riƙe ajin matasa a cocinmu, yara daga shekara sha uku zuwa sha bakwai, su ashirin da shida in babu ƙwallo a talabijin. Anti suke ce mini. Sai kuma Dogo, mai haɗa wutar sola, wanda ya shekara ɗaya da rabi yana nemana, yana kirana Likita alhali ya san iyakata in ƙirga ƙwayoyi in zuba a leda. Mahaifinsa shi ne sakataren dattawan ikilisiya. Kowa Sakatare yake ce masa, har matarsa. A lokacin da abin nan ya faru, saura sati uku su zo gidanmu a yi maganar manya.

Ajinmu wani ɗaki ne a bayan coci inda ake ajiye ganguna da kujerun da suka karye. Benci shida, allo ɗaya, da fanka mai kuka kamar za ta faɗo a kan mutum. A kan tebur akwai tsohon gwangwanin biskit da aka tsaga murfinsa, kuma shi ne zuciyar ajin. Kowane yaro yakan karɓi guntun takarda iri ɗaya da fensir iri ɗaya, ya rubuta abin da ke damunsa game da Allah ko gida ko kansa, ya jefa. Dokokinmu huɗu ne. Ba a sa suna. Anti za ta karanta ta amsa, in ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba, a bincika tare. Sannan a yaga takardar a gaban kowa, abin da ya fito daga gwangwani kuma ba ya ƙetare ƙofar ɗakin.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, Malama ce, wadda ta riƙe ajin shekara ashirin kafin gwiwoyinta su hana ta. Ni ma a hannunta na tashi. Wata biyu bayan rasuwar Baba na rubuta: "Tun da Babana ya mutu na daina addu'a. Allah ya ji haushina?" Ku ji wautar yarinta, sai ka ce akwai wata sabuwar marainiya a ajin ban da ni. Malama ta karanta, ba ta ko kalli inda nake ba, fankar nan ta zuba wa ido. Ta ce, "Mai wannan takarda bai daina addu'a ba. Yanzu ma ya yi ta, da fensir ya yi." Ta yaga, ta ɗauki ta gaba. Ba ta taɓa ja na gefe ba, ba ta taɓa kai wa Mama ba. Da ta yi, Allah ya sani da ban sake taka ɗakin ba, kuma ban san inda zan kasance yau ba. Duk abin da na zama, da wannan shirun nata a ciki, kuma ba zan gaji da gode mata ba.

To ni da aka yi wa wannan alheri, ku ji abin da na yi.

Wata Asabar na buɗe gwangwani, na sha dariya da tambayoyi biyu uku, sai na zaro wata. Tun kafin in karanta gabana ya faɗi, don rubutun a kwance yake ta baya. Bahaguwa ɗaya ce a ajina, kuma shekara uku ina duba littafinta. Auta ce, ƙanwar Dogo, 'yar shekara sha shida, wadda in ba kowa kusa takan raɗa mini "matar Yaya" ta ruga. Ga abin da ta rubuta:

"An sa sunana cikin masu baftisma. Ban ce ba na so ba, amma ban tabbata na gaskata ba. In na shiga ruwan nan zuciyata ba ta shiga ba, ƙarya na yi wa Allah ko biyayya na yi wa iyayena?"

Na karanta wa aji, na yi 'yan kame-kame, na ce tambaya ce babba, mu dawo kanta sati mai zuwa. Lokaci ya ƙure, masu koyon waƙa suna buga ƙofa suna son gangunansu. Maimakon in yaga, sai na cusa ta a tsakiyar Littafi Mai Tsarki, wai in je gida in yi tunani a kai. Doka ɗaya ke nan na karya, na kuwa ba kaina uzuri mai kyau.

Washegari Lahadi ce ta matasa, ranar da su ke jan sujada. Fasto ya ce in yi minti biyar in gaya wa ikilisiya abin da muke yi a ajin. Na ci ado, ba zan ɓoye muku ba: atamfata shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin da ya zauna ɗas, ɗankwali na ɗaura shi sau uku kafin ya yi mini, ga takalmi mai tsini wanda Dogo ke cewa da shi ne kawai nake kai kafaɗarsa. Shi kuma yana can baya wajen na'urar lasifika, ya ɗaga mini babban yatsa.

Na fara da kyau. Sai na ce bari in ɗanɗana musu irin tambayoyin yaranmu. "Wani ya ce, Anti, in mutum ya yi barci lokacin wa'azi amma ya farka daidai amin, an rubuta masa ya zo sujada?" Coci ya ɗauki dariya, har Fasto ya cire tabarau yana share ido. Na ƙara: "Wani ya ce zunubi ne in roƙi Allah ƙungiyar ƙwallon abokina ta sha kashi?" Aka sake kwashewa. 'Yan uwa, dariyar mutum ɗari uku tana bugarwa. Na ji kaina ya yi girma, na so iyaye su san ba wasa kawai muke yi a ɗakin nan ba. Hannuna ya buɗe littafi, na zaro takardar, na karanta ta tiryan-tiryan a lasifika.

Shiru ya sauka. A benci na gaba yara sha ɗaya ne zaune cikin fararen riguna, masu shirin baftisma nan da sati uku. Na ga iyaye suna miƙa wuya, kowa yana leƙen ƙeyar nasa. Auta ita ce ta huɗu daga hagu, ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta. A lokacin na gane abin da na aikata.

Ana tashi, ban kai ƙofa ba na ji an ce, "'Yata."

Sakatare ne, da biro uku a aljihun gaba kamar kullum. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ba ni takardar nan in gani."

Na rungume littafin a ƙirji. Mutumin da ke sa hannu a sakamakon jarrabawar Auta, kallo ɗaya ya ishe shi.

"Baba, ku yi haƙuri, ba a sa suna."

"Na san ba a sa suna. Na kuma san kin san hannun kowannensu." Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. "Ki fahimce ni. Ni zan tsaya gaban ikilisiya in ce mun gwada yaran nan mun same su a shirye. Yanzu na san ɗaya daga ciki zai amsa da baki ban da zuciya. In rufe ido in tura shi ruwa? Ba dukansa za mu yi ba, taimakonsa za mu yi."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganarsa ba ta banza ba ce. Na ce, "Baba, na yi musu alkawari."

"Kin tuna da alkawarin sa'ad da kike karantawa a lasifika?"

Ya ce dattawa za su zauna ranar Alhamis ƙarfe biyar. In ba a san mai takardar ba, za a ɗage baftismar duka sha ɗayan, ajin kuma a rufe shi sai an sake duba yadda ake tafiyar da shi. Ya sa mini albarka kamar yadda ya saba, ya wuce.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Na tarar da Gwaggo, yayar Babanmu, ta baje a doguwar kujera ta cire ɗankwali tana fifita da shi. Mama tana tsaye bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Ga 'yar jarida ta dawo," in ji Gwaggo. "Ke yanzu don Allah wa ya aike ki? An ce ki yi minti biyar, kin tayar da gari."

"Gwaggo, na san na yi kuskure."

"To gyara. Faɗi sunan yaron a yi masa nasiha, ba kisan kai ya yi ba. Mutumin da zai zama surukinki ya roƙe ki abu na farko a duniya, ki dube shi ki ce a'a? Saboda gwangwanin biskit? Ni da na yi aure, ko tari uban mijina ya yi sai na ce na'am."

A raina na ce shi ya sa har yau ba ki bar kowa ya yi tari a gidanki ba.

Mama ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Bayan Gwaggo ta tafi ta zauna kusa da ni tana gyara labulen da ta saya musamman don zuwan baƙin nan. Ta ce, "Rabon da maza su cika falon nan tun gaisuwar mutuwar babanku. Shekara sha ɗaya ina roƙon Allah su sake cika shi da maganar alheri. Ban ce ki yi abin da ba daidai ba. Amma ki tuna da ni."

Na shiga ɗaki na yi kuka har kwalliyar da na ɓata awa ina yi ta koma kan matashin kai.

Litinin da safe ina jera kwalaben maganin tari a kantinmu, waya ta yi ƙara.

"Barka da safiya, Likita. Kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya gida?"

"Gida ba daɗi. Baba bai ce wa kowa uffan ba tun jiya. Ki taimake ni."

"Da me?"

"Ni kaɗai ki faɗa wa. Zan san yadda zan yi da Baba, in lallaba shi ya yi wa yaron magana a ɓoye. Kowa ya huta."

Na daɗe ina kallon saƙon. Bawan Allah bai san mai takardar tana zaune gefensa tana shan shayi ba. Na rubuta na goge ya kai sau huɗu.

"In na faɗa maka, ai na faɗa ke nan."

"Ni ne fa. Sati uku ya rage."

"Na sani. Ba tawa ba ce balle in ba ka."

"Wato ba ki yarda da ni ba."

"Ba maganar yarda da kai ba ce. Su ne suka yarda da ni."

Ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Daga ƙarshe abin da ya shigo kalma uku ne da ɗigo: "To shi kenan." Mutumin da kullum ƙarfe ɗaya sai ya tambaya ko na ci abinci, ranar har na rufe kanti wayata ba ta sake motsi ba. Na ji haushi, na ji tsoro, kuma na yi kewarsa, duka a lokaci guda.

Talata da na tashi aiki na wuce gidan Malama. Na same ta a baranda ta miƙe ƙafafu a kan ƙaramar kujera tana shafa man zafi. Ban gama gaisuwa ba ta ce, "Na ji. Ina gida amma kunnena yana zuwa sujada. Zauna."

Na zayyana mata komai, ban da suna. Na ƙare da cewa Sakatare ya matsa mini, Gwaggo ta matsa mini, Dogo ya ɗauke mini wuta.

"Kin gama lissafa waɗanda suka yi miki laifi?" ta ce. "To ke wa kika yi wa?"

Na sunkuyar da kai.

"Akwai yaron da ya ba ki abin da bai iya ba uwarsa ba, kika ɗauka kika yi ado da shi a gaban jama'a. Can za ki fara, ba wajen dattawa ba."

"Malama, in na je wurinsa ai ya san na gane shi."

"Wa ya ce ki je wurinsa? Ajin kika yi wa alkawari, ajin za ki roƙa. Mai abin zai ɗauki nasa."

Na tashi tafiya, sai na kasa. Na ce, "Malama, shekara sha ɗaya ina son tambayarki. Takardar nan ta wadda ta daina addu'a, kin san ni ce, ko?"

Ta ɗago ta dube ni, ko gezau. "Wace takarda? Ni ban taɓa sanin hannun kowa ba. Miƙo mini murfin man nan ki kama hanya."

Na fito ina dariya ina share hawaye, mai kanti na kusa da gidan yana kallona kamar na zare.

Laraba bayan an tashi makaranta na tura saƙo a zauren ajin na waya na ce ina son ganinsu minti goma. Sha tara suka zo, wasu da kayan makaranta a jikinsu. Ba wanda ya yi tsokana, ba wanda ya taɓa ganga. Na tsaya gaban allo na ce, "Na karya muku doka biyu. Ban yaga takarda ba, na kuma fitar da ita waje. Ba don in taimaki mai ita na yi ba, don a yaba mini na yi. Ku gafarta mini."

Wata yarinya mai yawan surutu, wadda ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ta ce, "Anti, ni dai gaskiya ba zan ƙara sa komai a gwangwanin nan ba."

Ta soke ni, amma na ce, "Kina da gaskiya. Ba zan roƙe ki ba." Na zaro takardar na yayyaga ta ƙanana a gabansu. "Gobe zan je gaban dattawa. Ba zan faɗi suna ba, ko me za a yi mini. Mai takardar nan kuma ya sani tambayarsa ba zunubi ba ce. Wanda bai damu da Allah ba, ba ya tsoron yi masa ƙarya."

Ban kalli Auta ba. Ita ta fara fita, ko sai an jima ba ta ce mini ba.

Alhamis na sa doguwar riga ruwan toka, ba hoda ba jan baki, na je ofishin Fasto. Dattawa bakwai a kewaye da tebur, Sakatare da babban littafinsa a buɗe. Aka yi addu'a, aka tambaye ni. Na ce laifin karantawa nawa ne, a hukunta ni a kansa, amma suna ba zan bayar ba, takardar ma na yaga. Wani dattijo ya ce taurin kai ne. Wani ya ce tun asali bai ga dalilin da yara za su riƙa ɓoye wa iyayensu magana a gwangwani ba. Fasto ya yi ƙoƙari ya sassauta, amma hannu biyar suka tashi. An ɗage baftisma, an rufe aji. Sakatare ya rubuta da hannunsa, ya karɓi makullin ɗakin daga nawa, bai dube ni ba.

Juma'a wata uwa ta zo kanti sayen maganin ciwon kai, ta karɓi canjinta ta ce, "Mun riga mun gaya wa dangi su zo baftismar ɗana. Allah ya saka miki." Na san irin sakawar da take nufi. Dogo kuwa shiru, kwana huɗu ke nan.

Asabar ƙarfe huɗu, karo na farko a shekara uku, ina gida. Ban san inda zan sa kaina ba, na ɗauko tsintsiya ina share falon da na riga na share da safe. Gwaggo ta zo, wai ta zo duba Mama, alhali ta zo ne ta ga yadda taurin kai ke ƙarewa. Sai muka ji tsayuwar mota. Mama ta ɗaga sabon labulenta ta leƙa, ta saki da sauri.

"Sakatare ne. Shi kaɗai."

"Shi ke nan," in ji Gwaggo tana laluben ɗankwali. "Ya zo janye magana. Na faɗa, ba a ji ba."

Ya yi sallama ya shigo. Aka gaisa, na kawo ruwa na durƙusa na ajiye, zan koma ciki ya ce, "Zauna, 'yata. Wurinki na zo."

Na zauna a ƙasa gefen kujerar Mama. Ya ɗauki kofin ya riƙe bai sha ba. Yau babu biro ko ɗaya a aljihunsa.

"Jiya da safe ina ɗaure igiyar takalmi zan fita, Auta ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce, Baba, kada a hana mutum goma saboda ni, kada a kori Anti saboda ni. Ni na rubuta."

Gwaggo ta dafe ƙirji. Mama ta juyo ta dube ni, na ga ta gane abin da na kwana shida ina ɗauke da shi, ta ɗora hannunta a kafaɗata.

"Na ce mata, me ya hana ki gaya mini tun farko? Ta ce, Baba, kai ba a tambayarka, kai ke tambaya." Ya juya kofin a hannunsa. "Shekara ashirin da biyu ina yi wa 'ya'yan mutane tambayoyin baftisma. Tawa tana gida ɗaya da ni, ni na rubuta sunanta a jerin, ban taɓa ce mata kina so ba."

Ya ajiye kofin.

"Na je wurin Fasto, mun kira dattawa. Na cire sunanta da hannuna, sai ranar da ta zo da ƙafarta. Goman za a yi musu a ranar da aka sa." Ya sa hannu a aljihu ya ajiye makullin aji a kan tebur. "Har yanzu ina nan a kan cewa kin yi kuskure da kika karanta."

"Na yi, Baba."

"Amma da kin ba ni takardar nan ranar Lahadi, a yadda zuciyata take, da a harabar coci zan kira ta a gaban mutane. Da na sami sunan, na rasa 'yar." Ya dube ni. "Yanzu gaya mini. Tun jiya muna zaune ni da ita, ban san me zan ce mata ba. Me ake cewa?"

'Yan uwa, mutumin da ikilisiya guda ke tsoron bironsa, shi ne zaune a falonmu yana tambayata. Na ji kunya ta rufe ni, na ji godiya ta cika mini ƙirji. Na ce, "Baba, kada ku yi saurin ba ta amsa. Ku bar ta ta gama tambayar. Inda ba ku sani ba kuma ku ce ba ku sani ba, ba za ta raina ku ba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya maimaita a ransa kamar mai haddace lambar waya. Sannan ya shanye ruwan.

"Saura magana ɗaya. Akwai mutum biyu a mota. Ɗaya ta ce tana son ganinki. Ɗayan kwana biyar ke nan yana zagaye gida ba ya cin abincin kirki, da ya ji ƙanwarsa ce kuma sai ya ce shi ba shi da fuskar da zai dube ki. Ni ba zan roƙa masa ba, da bakinsa ya yi, da bakinsa zai gyara."

Gwaggo ta mintsine ni a cinya. "Tashi mana! Sa ɗan hoda!"

Ban sa ba. Na fita da zanen shara a jikina da silifas ɗin Mama. Kafin in kai mota ƙofar baya ta buɗe, Auta ta fito ta tsaya, ta harɗe hannuwa, idanunta sun kumbura.

"Anti, kin ba ni kunya ranar Lahadi. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige."

"Na sani. Ki gafarta mini."

"Na yi niyyar ba zan ƙara yi miki magana ba har ki shigo gidanmu." Ta ja hanci. "Na yi ta jira ki faɗa. Baba ya tambaye ki, Yaya ya tambaye ki, aka karɓe miki aji. Ba ki faɗa ba."

"Ba zan faɗa ba."

Ta matso ta kifa kanta a kafaɗata, na ji rigata tana jiƙewa. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Asabar mai zuwa zan zo. Har yanzu ban tabbata ba fa, Anti."

"Zo da rashin tabbas ɗinki. Akwai wuri a benci."

Yayanta ya fito ya tsaya a bayanta, duk tsawon nan nasa ya rasa inda zai kai shi, yana murza makullin mota a hannu. Ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa, ya ce, "Likita..." sai maganar ta maƙale. Ban taimake shi ba. Na ci gaba da riƙe ƙanwarsa, na zuba masa ido, ina jira in ji da wace kalma zai fara.